Wane ƙwaro ne wannan muka kama a jikin labule?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah masu ilimin ƙwari ku taimaka min da sunan wannan abin, jiya da daddare muka same shi manne a labule kusa da ƙwan fitila, ɗan ƙarami ne ruwan toka da ɗan ratsin ƙasa-ƙasa, yarona ne ya kifa masa kofi ya ce shi fa ba zai sake shi ba sai an gaya masa sunansa, yanzu haka yana cikin kwalba mun huhhuda murfin. Abin da ya ba ni tsoro da muka haska shi da tocila idonsa sai ya yi ja kamar garwashi. Ga hoto nan, ku yi haƙuri kyamarar wayar sai a hankali.

Sarkin Musu: Wa alaikumus salam. Asu ne Hajiya, maza ki buɗe akwatin kayanki tun kafin ya gama da su.

Ɗan Lambu: Wane irin asu kuma. Wannan ai uwar tsutsar nan ce mai cin masara, ni na san ta kamar yunwar cikina. Hajiya kar ki tsaya neman suna, ki murje ta da takalmi kawai

Maman Biyu: Kai Ɗan Lambu, in na murje shi yau ba mai barci a gidan nan, yaron har ya sa masa suna 😂

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara cire miki tsoron kaya, wannan ba asu ba ne. Asun da ke lalata tufafi siriri ne ƙwarai, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, launinsa kamar ruwan zinare, kuma shi gudun haske ma yake yi, lungu yake so. Kuma ba babban ke cin kaya ba tsutsarsa ce, ita ma ulu da gashi ta fi so. Wannan naki jikinsa kauri gare shi da gashi a ƙeya, ya kwantar da fukafukai a bayansa kamar rufin ɗaki. Daga gani ɗan dangin da masana ke kira Noctuidae ne. Sunan daga Latin ya fito, noctua wata 'yar ƙaramar mujiya ce, shi ya sa ake musu laƙabi da 'yan mujiya. Jan idon da kika gani ba komai ba ne, a can ƙasan idonsu akwai wani shimfiɗi da ke maido da haske baya don ya ƙara musu gani a duhu, irin yadda idon kyanwa yake ƙyalli in mota ta haska ta. Ba ya cizo ba ya harbi, bakinsa ma wani ɗan siririn bututu ne a naɗe, da shi yake zuƙar ruwan fure.

Sarkin Musu: To Malam duk wannan dogon bayanin har yanzu ba ka faɗi sunansa ba ai. Ni na sa hoton a manhaja cikin daƙiƙa biyar ta ba ni amsa, Spodoptera frugiperda. Kenan Ɗan Lambu ya yi daidai, an gama magana.

Malamin Kimiyya: Ba a gama ba ranka ya daɗe. Kai da ka ce asu ne minti goma da suka wuce 😄 Dangin nan kaɗai akwai nau'i kusan 12,000 da aka yi wa suna, kuma in ka duba tsofaffin littattafai za ka ga adadin ya ninka haka, don daga baya an yanke wani babban ɓangare an mai da shi dangi mai zaman kansa, Erebidae. Dubbai daga cikinsu duk ruwan toka ne da ƙasa-ƙasa. Manhaja kuma abin da aka fi ɗora mata shi ta fi saurin faɗa, hotunan frugiperda sun cika intanet saboda ɓarnar da take yi, to duk wani mai kama da ita sai ta jingina masa. Gwada ka sake sa hoton ka ga ko ba za ta jero maka wasu sunaye uku a ƙasa ba.

Sarkin Musu: Ta jero, amma na saman shi ne na saman.

Mai Kyamara: Hajiya hoton ne matsalar gaskiya. Filashi ya wanke zanen fiffiken gaba ɗaya, kuma ta cikin gilashi kika ɗauka. Ga dabara, ki sa kwalbar a firji kamar minti goma, ba cikin wurin ƙanƙara ba fa, ƙasa inda ake sa ruwa, sanyi zai sa ya lafa ba zai mutu ba. Sai ki juye shi a hankali kan farar takarda kusa da taga da rana, ki ajiye rula a gefensa, ki ɗauka daga sama sak, sannan ɗaya daga gefe. In ya fara karkaɗa fukafukai to ɗumama jikinsa yake yi zai tashi, ki yi sauri ki rufe.

Maman Biyu: Firji kuma?? Toh bari mai gidan ya fita tukuna kar ya ce na fara taɓuwa

Baba Tsoho: Ni tambayata daban ce. Me ya raba wannan da malam-buɗe-littafi? Don ni tun ina yaro na ɗauka duk abu ɗaya ne, na rana ya yi wanka ya sa kaya masu kyau, na dare bai samu ba.

Ɗaliba: Baba ai kusan gaskiyarka ce, gidansu ɗaya, Lepidoptera, ma'anar sunan masu fiffike mai ɓamɓaroki, wannan garin da ke maƙale maka a yatsa in ka taɓa su ƙananan ɓawo ne a jere kamar na kifi. Kuma na daren su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba, cikin nau'i wajen 160,000 da aka sani malam-buɗe-littafi bai wuce 20,000 ba. Hanya mafi sauƙi ka dubi ƙahonnin nan biyu na kai, na malam-buɗe-littafi akwai ɗan ƙulli a ƙarshe kamar kan ashana, na waɗannan kuwa kamar zare ne ko kamar gashin tsuntsu. Maganar rana da dare ba ta cika zama daidai ba don akwai na daren da ke yawo da rana tsaka.

Baba Tsoho: Allah ya yi miki albarka 'yata. To garin nan ba ya makantar da mutum in ya shiga ido? Haka muka taso muna ji.

Ɗaliba: A'a Baba, sai dai ya yi ƙaiƙayi kamar kowace ƙura, a wanke da ruwa shi kenan. Shi ma amfani yake masa, in ya faɗa saƙar gizo garin ne ke maƙalewa shi ya zame ya tsere.

Ɗan Lambu: Ku dai kuna ta karatu ita kuma tana shirin zuba ƙwai. Ni abin da na gani da idona nake faɗa, ka shiga gona da safe ka tarar da tsakiyar masara an huhhuda ta kamar an harbe ta da bindiga, ka buɗe ka ga kashin tsutsa cunkus kamar dusa, wallahi wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba. Kafin 2016 ba mu san wannan masifar ba, daga nahiyar Amurka ta tsallako Afirka ta Yamma, cikin shekara biyu ta mamaye kusan duk ƙasashen kudu da Sahara, 2018 sai ga ta a Indiya. Uwar tana iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya in ta samu iska. Shi ya sa ni duk mai wannan kalar ba na tambayar sunansa.

Malamin Kimiyya: Ba wanda zai ƙaryata ka a kan wannan Ɗan Lambu, ɓarnar gaskiya ce, kuma dangin nan akwai manyan masu laifi, tsutsar ƙwallon auduga Helicoverpa armigera tasu ce, masu yanke shuka daga tushe da daddare irin su Agrotis ipsilon su ma nasu ne. Amma ko don aikinka sanin sunan yana da rana. Wanda ya ga kowane mai ruwan toka ya ɗauko feshi zai ƙone kuɗinsa a banza, ya kashe ƙananan zanzaron da ke saka ƙwansu cikin ƙwan tsutsar suna rage masa ita kyauta. Mafi yawan 'yan dangin ciyawar daji suke ci, ba ruwansu da gonar kowa, su ne abincin jemage da tsuntsaye, kuma suna barbarar furanni da daddare lokacin da ƙudan zuma ke barci. Sannan kai ma ka san a tsutsa kake gane frugiperda ba a uwar ba, alamar Y a kife a goshinta da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar kusurwoyin akwati kusa da wutsiya.

Ɗan Lambu: Wannan kam haka ne, ɗigo huɗun nan su nake dubawa.

Maman Biyu: Na dawo. Wallahi dabarar firji ta yi aiki, ya kwanta lamo kamar ya mutu har yaron ya fara kuka, can sai ya motsa ƙafa. Ga hotuna uku. Daga kai zuwa ƙarshen fiffike bai kai santimita ɗaya da rabi ba a rula. Da ya fara karkarwa ya ɗan buɗe na ga na ƙasan fari ne tas kamar leda, da siraran jijiyoyi masu duhu da baƙi-baƙi a gefen

Mai Kyamara: Yauwa! Yanzu aka yi hoto.

Malamin Kimiyya: Madalla Hajiya. To ku zo mu duba tare, ku buɗe hoto na biyu ku ƙara girmansa. A fiffiken sama na yawancin 'yan mujiya akwai tabo biyu da masu wannan harka ke fara nema. Ɗaya zagayayye ne kamar zobe, yana kusa da tsakiya ta wajen kai, ɗayan yana bayansa, ya ɗan lanƙwashe kamar ƙoda ko ƙwayar wake. A naki zoben ƙarami ne, zagaye sosai, cikinsa ruwan lemo mai haske da farin kewaye, shi ya fi komai fitowa a jikin fiffiken. Mai kamar ƙodar ya ɗan dusashe amma ana ganinsa. Fiffiken siriri ne kuma ya naɗe shi a jiki. Namijin frugiperda yana da farin tabo a can ƙarshen fiffike da wani ratsi a karkace, nan babu. Macen ce ba ta da ado sosai, ita ce ke rikita mutane, sai dai girma ya raba gardama, frugiperda in ta buɗe fukafukai tana kai milimita 32 zuwa 40, wannan da tsawonsa bai kai 15 ba a kwance in ya buɗe ba zai wuce 25 zuwa 30 ba. Ni inda hankalina ya fi kwanciya shi ne ƙanwarta ce, Spodoptera exigua. Exigua ɗin ma ƙarama yake nufi, Spodoptera kuma daga Girkanci, mai fiffiken toka. Wani Bajamushe Jacob Hübner ne ya fara bayaninta a 1808.

Sarkin Musu: Hhhh to ai Spodoptera ce dai. Manhajata ta ci rabin maki.

Ɗaliba: Rabin maki a jarrabawar Malam faɗuwa ce Yaya 😂

Sarkin Musu: Amma tsaya Malam, ka ce inda hankalinka ya fi kwanciya. Kai ma kenan canka kake yi kamar mu.

Malamin Kimiyya: Akwai bambanci tsakanin canka da auna abu da rula. Amma eh, ba zan rantse a kan hoto ba. Akwai wasu ƙananan masu ruwan toka a jinsin Caradrina da Athetis da in sun tsufa garin fiffikensu ya goge sai ka rasa gane wane ne wane. Su kansu ƙwararru a irin waɗannan sai sun fiɗa ƙarshen cikin ƙwaron sun duba siffar al'aurarsa a madubin ƙara girma, don kowane nau'i da irin tasa kamar makulli da kwaɗo. Yanzu kuma akwai gwajin DNA da Paul Hebert na jami'ar Guelph a Kanada ya fito da tsarinsa a 2003, ƙafa ɗaya ta isa a gane nau'in. Mu da muke da waya da rula sai mu ce ya fi kama da kaza, mu faɗi dalili.

Ɗan Lambu: In dai exigua ce to ba ta tsira a wurina ba, ita ce koriyar tsutsar nan da ke shigewa cikin ganyen albasa ta ramin tsakiya tana ci daga ciki, ka ga ganye ya yi fari ya lanƙwashe, feshi ma ba ya samunta don tana ɗaki. Na ce a murje kun ƙi

Malamin Kimiyya: Nan kam ka kama ni, ita ce 😄

Ɗan Ƙwallo: Ni duk ban gane Latin ɗin nan naku ba amma ku gaya min, ba irin wannan ne ya sauka a fuskar Ronaldo ba a wasan ƙarshe na Euro 2016? Yana zaune a ƙasa yana hawaye bayan Payet ya buge masa gwiwa ga ƙwaro a gefen idonsa, wallahi har yau hoton na raina

Ɗaliba: Danginsu ɗaya amma ba shi ba ne. Wancan Autographa gamma ne, akwai wata alama ruwan azurfa kamar harafin Y a fiffikensa. Masu ƙaura ne, duk shekara suna tasowa daga wajen Bahar Rum su nufi arewacin Turai, an bar fitilun filin Stade de France a kunne daren jajibiri sai suka sauka dubbai, ranar 10 ga Yuli har da tsintsiya ake share su a gefen fili.

Ɗan Ƙwallo: Kuma Fotugal ta ci Faransa 1-0 a gidanta ba Ronaldo. Ƙwaron nan ya zo da sa'a

Baba Tsoho: To wai me suke nema a wurin fitila ne? Abu na dare kuma ya zo yana kashe kansa a kan haske.

Sarkin Musu: Ɗauka suke hasken farin wata ne. Wannan kowa ya sani.

Ɗaliba: Haka aka daɗe ana faɗa Yaya, amma a 2024 wasu masu bincike, Samuel Fabian da abokansa, sun ɗauki bidiyon ƙwari da kyamara mai saurin gaske a ɗakin gwaji da kuma dajin Kosta Rika, sai suka ga ba fitilar suke nufa kai tsaye ba, bayansu suke juya mata. Ƙwaro mai tashi da haske yake gane ina ne sama, don ko da daddare sararin sama ya fi ƙasa haske, to sai ya riƙa ajiye gadon bayansa ta wajen hasken. In ya zo wucewa kusa da ƙwan fitila sai ya karkata mata baya, karkatar nan ita ke sa ya yi ta zagaye ba ya iya fita, in kuma hasken na ƙasansa sai ya kife ya faɗo. Kenan ba so yake ba, tarko ne ya faɗa.

Baba Tsoho: Ikon Allah. Ashe jiri ne ke ɗibarsa bawan Allah.

Mai Kyamara: Shi ya sa tsaka ke zaman jira a gefen fitila, ta san inda ake rabon abinci.

Malamin Kimiyya: Tunda an zo nan bari in ƙara abin da ni ya fi burge ni da su, kunne. Hajiya in kika ɗaga fiffiken za ki ga wani ɗan rami a kowane gefe daidai inda ƙirji ya haɗu da ciki, to kunnensa kenan, ba a kai yake ba. Ba don hira aka yi masa shi ba, don jemage ne. Jemage mai cin ƙwari yana farauta da ƙara mai tsinin da kunnen mutum ba ya kamawa, sama da kilohaz 20, yana sauraron amsa-kuwwarta. Kenneth Roeder na jami'ar Tufts a Amurka ya yi shekaru yana wannan aikin a wajejen 1950 zuwa 1960, ya sa siraran wayoyi a jijiyar kunnen ya gano ƙwayoyin ji biyu ne kacal a kowane kunne. Biyu fa. Ɗaya mai saurin ji ce, tana kama jemage tun yana nesa, tun shi bai san da ƙwaron ba, sai ƙwaron ya juya ya ba shi baya ya yi gaba. Ta biyun sai ƙarar ta yi ƙarfi take tashi, wato jemage ya iso, nan sai ya rikice da wulƙawa ko ya naɗe fukafukai ya faɗo ƙasa kamar dutse. Wani lokaci in ka karkaɗa tarin makullai kusa da masu zagaya fitila za ka ga wasu sun zube, don ƙarar ƙarfen tana da irin wannan tsinin a ciki.

Mai Kyamara: Yau da daddare zan gwada wannan wallahi

Malamin Kimiyya: Akwai ma wata 'yar mitsitsiyar halitta dangin kaska a Amurka ta Arewa da ke zama cikin kunnen nasu, tana fasa fatar kunnen ta yi gida ta hayayyafa, kunnen ya mutu. Amma ko su nawa ne kunne ɗaya suke taruwa su bar ɗayan lafiya, don in ƙwaron ya kurmance duka jemage zai haɗiye shi har da su.

Sarkin Musu: Wannan kam Malam sai na bincika da kaina kafin in yarda.

Malamin Kimiyya: Bincika, sunanta Dicrocheles phalaenodectes, Asher Treat ne ya yi aiki a kanta. Ka sa a manhajar taka 😄

Maman Biyu: Jama'a sabon labari. Da safen nan mun duba kwalbar sai ga wani abu manne a jikin takardar da muka sa masa, kamar ɗan guntun auduga fari-fari bai kai girman farcen ɗan yatsa ba. Na ɗauka rima ce ta sa ya yi fumfuna zan goge yaron ya riƙe min hannu

Ɗan Lambu: Ba na faɗa ba!! Ƙwai ne. Mace ce

Malamin Kimiyya: Ƙwai ne kam, kuma ya ƙara ƙarfafa maganar Spodoptera, su ne ke zuba ƙwai a dunƙule su rufe da gashin cikinsu. Exigua takan zuba 50 zuwa 150 a dunƙule ɗaya, a rayuwarta 300 zuwa 600, ita kanta uwar ba ta cika wuce kwana goma ba. In da zafi kwana biyu zuwa uku za su ƙyanƙyashe. Hajiya in yaron na da juriya ga dama ta samu, ku ware kamar biyar a wata roba mai murfi da ƙananan huji, a shimfiɗa takarda a ƙasa, kullum a sa sabon ganyen alayyafo a kwashe kashin. Za su saɓule fata sau da yawa, yawanci mataki biyar suke bi, da fari kore ne shar daga baya su yi duhu da ratsi a gefe, jikinsu sumul ba gashi. In kun ga sun daina ci suna ta yawo a robar to ƙasa suke nema, a zuba musu ƙasa mai ɗan laushi kamar tsawon yatsa, za su nutse su zama wani abu ruwan goro mai ƙyalli ba ƙafa ba baki, bayan kamar mako guda sabo ya fito da zanensa cikakke ko ɗigo bai goge ba. Daga ƙwai zuwa uwa a lokacin zafi kwana 24 ma yana isa. A tsutsar za mu duba goshi da wutsiya, in ba Y ba ɗigo huɗu to Sarkin Musu ya biya tara.

Sarkin Musu: In kuma akwai fa?

Malamin Kimiyya: Sai in ba manhajarka haƙuri a gaban kowa.

Ɗan Lambu: Ni dai roƙona ɗaya Hajiya, biyar ɗin da za ku ajiye ku ajiye, sauran a zuba musu ruwan zafi, kuma waɗanda suka fito kar a buɗe musu taga dan Allah

Maman Biyu: Na ji Ɗan Lambu, na yi alkawari. Uwar dai mun riga mun sake ta jiya bayan isha'i kafin in ga saƙonka, ka yafe ni 🙈 ta ɗan yi karkarwa a bakin kwalbar sannan ta tashi, ba ta ma yi nisa ba ta koma wajen fitilar waje, yaron na ta ihu wai ta gudu ta gudu akwai tsaka.

Ɗan Ƙwallo: To tsakar ta samu ko ta ɓarar?

Maman Biyu: Kashe fitilar na yi, ban tsaya gani ba. Ƙwan kuma yau sun fara yin duhu, Malam haka ake so ko sun lalace ne?

Malamin Kimiyya: Haka ake so, kawunan tsutsotsin ne kike hangowa ta cikin ɓawon. Ki tanadi ganyen yau, gobe da safe ki duba da kyau don ba su kai girman wannan waƙafin ba, kuma ki tabbata hujin murfin bai fi su faɗi ba.